Ɗan Alhaji a Takardar Haraji

A wani tsohon gini da ke Landover, a jihar Maryland ta Amurka, a hawa na uku, Aïchatou ta yi shekaru tana sauka da mutum a kafaɗarta da safe, ta sake hawa da shi da yamma. Ginin ba shi da lifta. Mutumin kuwa ɗanta ne Mudathir, mai shekara ashirin da takwas, kuma ya fi ta nauyi tun yana ɗan sha biyar. Sai dai ba za ka ji daga bakinta cewa ɗanta ne ba. Shi ne na farinta, kuma a gidan da ta tashi a Maraɗi mace ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna shi a gaban mutane ta ce nawa ne. Idan za ta ambace shi sai ta ce Ɗan Alhaji.

Alhajin shi ne Abdoul Aziz, wan mijinta. Ya riga kowa a danginsu zuwa Amurka, yana sayen tsofaffin motoci yana tura su Kwatano, yana da gida a Sterling ta jihar Virginia mai ɗakuna a ƙasa da talabijin da ya kusa cinye bango guda. Shi ya kawo ƙanensa Souleymane, ya sama masa aikin tasi, bayan shekara biyu Aïchatou ta biyo mijinta. Da ta zo haihuwar Mudathir naƙuda ta yi tsawo, iska ta yanke wa jaririn na ɗan lokaci. Ya tashi ƙafafunsa a sandare, hannun damansa a naɗe, harshensa da nauyi. Kansa kuwa lafiya lau. Yana jin Hausa sarai, yana amsawa da Turanci, a hankali, kuma yawanci abin da yake faɗa ya fi na masu saurin baki ma'ana.

Ranar suna Alhaji ya je wata gona ya sa aka yanka rago. A gaban jama'a Souleymane ya ɗauki jaririn ya miƙa masa ya ce ga ɗanka, kamar yadda ƙane mai ladabi ke yi. Alhaji ya karɓa, ya yi addu'a, ya mayar wa mai jego. Wannan ita ce ɗawainiya mafi tsawo da ya yi da yaron a hannunsa. Amma ya tafi da wani abu: katin lambar shaida da gwamnati ke ba kowane ɗan ƙasa, wanda mutanenmu ke kira soshiyal. A lokacin shi ne mai Turanci a gidan, takardun kowa suna jakarsa, babu wanda ya ga abin magana.

A nan ƙasar, farkon kowace shekara mutum kan yi wa hukumar haraji bayanin abin da ya samu da waɗanda ke ci a ƙarƙashinsa. Mai ƙaramin samu da ɗawainiya a kansa ana mayar masa da kuɗi, wani lokaci masu kauri. Yaro kan fita daga lissafin idan ya girma. Amma wanda likita ya tabbatar yana da naƙasa ta dindindin, wadda ta hana shi aikin da zai riƙe kansa, shekaru ba sa fitar da shi, muddin yana zaune tare da mai lissafa shi fiye da rabin shekara. Alhaji bai san sunan maganin Mudathir ko ɗaya ba, amma wannan dokar ya haddace farkonta. Ƙarshenta, wajen maganar zama tare, bai kai karatu can ba. A takarda kuwa Alhaji talaka ne abin tausayi, mai fama da ɗa marar lafiya, kuma kowace shekara hukuma tana tausaya masa.

Souleymane ya sani. Matarsa ta taɓa ɗaga maganar sau ɗaya, ya ce mata Yaya ne, kuma ai yana kawo buhun shinkafa da azumi, yana ɗinka wa yaron kaftani da sallah. Haka aka tafi har zuciyar Souleymane ta tsaya shekara huɗu da suka wuce. Alhaji da abokansa suka yi masa wanka, suka kai shi, suka biya kuɗin kabari. Aïchatou ba ta manta da wannan ba, kuma ba a bar ta ta manta ba.

Bayan takaba ta samu aiki a kicin ɗin wata makarantar firamare, daga lokacin da motar cibiyar kula da naƙasassu ta ɗauki Mudathir da safe zuwa lokacin da za ta dawo da shi. Wani mutumin Alhaji ke cika mata takardun haraji, a matsayin mace mai zaman kanta wadda babu kowa a kanta. Tana sa hannu, ta koma gida ta markaɗa wa wanda babu shi ɗin abinci, ta yi masa wanka, ta kai shi banɗaki.

A hawa na biyu akwai Chundung, ma'aikaciyar jinya 'yar Filato, wadda kullum take jin saukarsu ta jikin bangonta. Ita ce ta fara lura cewa Aïchatou ta koma tsayawa a kowane mataki tana dafa ƙugu. Likita ya ce ƙashin bayan ya fara zaizayewa, ya ba da shawarar a daina ɗaukar abu mai nauyi, shawarar da ba ta ci masa komai ba. A watan Fabrairu wata mata da ke zaune a ƙasa ta ce za ta tashi. Ɗakin ƙasa ne, ƙofarsa daidai da titi. Masu ginin suka ce Aïchatou za ta iya samunsa idan ta kawo kuɗin ajiya da hayar wata guda kafin ƙarshen Afrilu, in ba haka ba akwai masu jira. Albashin kicin ba ya tara irin wannan kuɗin cikin wata biyu.

Chundung kan yi aikin sa kai ranar Asabar a laburaren unguwa, tana cika wa masu ƙaramin ƙarfi takardun haraji kyauta. Ta ce bana a bar mutumin Alhaji ya huta. Suka je su uku. Ta duba takardun shekarun baya, ta ɗago ta dubi Mudathir da ke zaune riƙe da ƙarfen tafiyarsa, ta sake duba takardun. Sannan ta fara tambayoyin da na'ura ke so a amsa.

"Mama, mene ne dangantakarki da shi?"

"Ɗan Alhaji ne."

"Na ji. Wa ya haife shi?"

Aïchatou ta gyara mayafinta ta dubi wani allo a bango. Mudathir ne ya amsa da Turancinsa, ya ce uwarsa ce, kunya take ji, kuma idan za a jira ta faɗa da bakinta to a aiko musu da abincin dare. Lambar soshiyal ɗinsa ma shi ya karanto daga ka, domin ya gaji da jin ana tambayarsa ita a asibiti. Chundung ta lissafa, ta juyo da allon ta nuna mata abin da za a mayar mata. Ya isa ɗakin ƙasa har da ɗan ragowa. Ta aika. Kafin su tashi amsa ta dawo: an ƙi karɓa, wani ya riga ya sa mai wannan lamba a takardarsa.

Chundung ta ɗauka ɓarayin lamba ne, ta fara bayanin yadda ake kai ƙara. Aïchatou ta ce a bari, ba ɓarawo ba ne, na gida ne.

Ranar Lahadi Chundung ta kai ta Sterling ta jira a mota. Aïchatou ta tarar da Alhaji a falo da baƙi biyu, ta zauna a kan kafet nesa da kujeru, ta gaishe shi, ta tambayi matarsa Hajiya da yara da kasuwa da gajiyar jiya. Ba ta roƙi komai ba, domin ba a yi wa wan miji haka. Ta dai ba da labarin bayanta, da na matakala, da na ɗakin ƙasa. Alhaji ya yi wa bayan addu'a mai tsawo, ya ce ta riƙa shafa man habbatus-sauda. Da ta ga hira za ta ƙare a kan mai, sai ta ce wai na'urar Turawa ta ce an riga an rubuta yaron nan a wani wuri.

Alhaji ya ajiye kofin shayinsa. "Aïchatou, wa ya yanka ragon sunansa?"

"Kai ne, Yaya."

"Marigayi da bakinsa, me ya ce ranar?"

"Ya ce ɗanka ne."

"To me ya rage? Ko bayan ransa za a ƙwace kyautar da ya yi?"

Ta ce ba haka ba ne, wai dai dokarsu ta ce sai wanda yaro ke kwana a gidansa. Alhaji ya yi dariya ya dubi baƙinsa. Ya ce Turawa ba su san zumunci ba, su komai sai an auna da kwana. Ya ce nan gidan uban Mudathir ne, ƙofa a buɗe take, duk ranar da aka kawo shi ya zo gida, shi ma tausayin uwa ne ya sa ya bar shi a Landover duk shekarun nan. Baƙin suka jinjina kai, ɗayansu ya ce irin Alhaji sun yi ƙaranci. Da za ta tafi aka ba ta ledar dabino.

A hanya Chundung ta ce abin ba ya bukatar yardar kowa. Akwai lambar sirri da hukuma ke bayarwa, da ita za a sake aikawa a karɓa. Daga baya hukuma za ta rubuta wa su biyun, ta tambayi inda Mudathir ke kwana, kuma takardun asibiti da na cibiya duk adireshin Landover ke kansu. Aïchatou ta ce wato ita ta kai wan mijinta gaban hukuma, mutumin da ya wanke gawar Souleymane, ta tsaya ta ce ɗa nata ne ba nasa ba. Ta ce gobe da wane ido za ta shiga taron suna ko na mutuwa. Chundung ta ce da idon da take hawa matakala da shi.

Mako biyu suka wuce, Afrilu kuma tana matsowa. Wata rana da la'asar, tana ba Mudathir abinci, ta faɗa masa abin da ta yanke. Ya saurara har ƙarshe. Ya tambaya ko talabijin ɗin Baba Alhaji na kama tashar ƙwallon kwando. Ta ce ba ta sani ba. Ya ce yana kamawa, ya gani da sallar bara, kuma ya yarda.

Kowace Juma'a bayan masallaci Alhaji kan tara abokan kasuwancinsa cin abinci. Wannan Juma'ar ana tsakiyar cin shinkafa da nama motar Chundung ta tsaya a ƙofa. Aka shigo da ƙarfen tafiya, da kujerar wanka, da injin markaɗe, da jakar magunguna, da roba mai shimfiɗawa a gado, da akwati biyu. A ƙarshe Mudathir ya shigo cikin kaftanin sallah, yana jan ƙafa, yana murmushi. Aïchatou ta durƙusa a bakin kafet.

"Yaya, na je na yi tunanin maganarka, na ga gaskiya ka faɗa. Na riƙe maka shi iya ƙarfina, yanzu bayana ya gaza. Ga ɗanka na kawo maka."

Wani dattijo ya ce Allah ya yi mata albarka, wannan ita ce tarbiyyar gida, matan yanzu da sun ruga wajen lauya. Sauran suka ce amin. Biyu daga cikinsu su ne baƙin da suka ji Alhaji na cewa ƙofa a buɗe take. Alhaji ya ce madalla, ya sake cewa madalla, lomar da ke hannunsa ba ta kai baki ba.

Kanta a ƙasa, cikin ladabi, ta yi masa bayanin aikin. Ana juya shi a gado kafin asuba don kada jikinsa ya ƙage. Abinci sai an markaɗa, a ba shi a hankali, in ya sarƙe a buga bayansa. Wanka da banɗaki kuwa, tun da Hajiya matar baffa ce ba muharramarsa ba, ta san Yaya ba zai so a ɗora mata ba. Motar cibiya ta jihar Maryland ce, ba ta tsallakowa Virginia, don haka zai riƙa wuni a gida. Ta yi sallama ta fita ba ta dubi Mudathir ba, kamar yadda uwar ɗan fari ke yi. Dattijon ya yaba da wannan ma.

Chundung ta mayar da ita Landover. Abin da Aïchatou ta yi caca ne, kuma ta san haka. Alhaji yana da kuɗin da zai ɗauki mai kula da marar lafiya. In ya yi haka, ta ba da yaro a gaban shaidu, babu bakin da za ta karɓo shi da shi, ta rasa ɗakin ƙasa ta rasa wanda ake neman ɗakin dominsa. Tun da aka haife shi ba su taɓa raba rufi ba. Washegari ta tashi ta markaɗa abinci kafin ta tuna babu mai ci. Ba ta kira waya ba. Kira zai nuna tana so a dawo da shi.

Abin da ya faru a Sterling daga bakin Mudathir na ji shi, kuma yana ba da labarin da jin daɗi. Ranar farko Alhaji ya yi ƙoƙari, ya ba shi abinci da kansa, rabi a baki rabi a kaftani. Ranar Asabar ya kira kamfanin masu kula da marasa lafiya a gida ya tambayi farashi. Aka faɗa masa na awa guda. Ya ce a maimaita. Ya ɗauki biro, a matsayinsa na ɗan kasuwa, ya gano cewa abin da hukuma ke ba shi a shekara ba zai biya mai kula na wata ɗaya ba. Ya ajiye wayar ya ce mutanen nan ba sa tsoron Allah. Ranar Lahadi aka zo wanka. Alhaji ya ƙi amfani da kujerar, ya ce shi da ya ɗaga injin mota ba zai kasa ɗaga yaro ba. Su biyun suka zube a baho. Mudathir bai ji ciwo ba, domin a kan Alhaji ya faɗa. Da Alhaji ke kwance a falo yana nishi, Mudathir ya ba shi shawarar man habbatus-sauda.

Kafin wata Juma'ar ta zagayo, kafin abokan cin shinkafa su dawo su ga yadda uba ke fama, motar Alhaji ta tsaya a Landover. Aïchatou ba ta dawo daga aiki ba, sai ya zama dole ya hau da Mudathir da kansa. Chundung ta ji su ta bango, ta ce ba ta taɓa jin an ambaci sunan Allah sau da yawa haka a matakalar ba. Aïchatou ta tarar da shi zaune a mataki na ƙarshe, hularsa a gwiwa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi Hajiya da yara da kasuwa.

Ya ce ya yi shawara da kansa. Yaro ya saba da nan, likitocinsa suna nan, bai kamata a raba shi da cibiyarsa ba. Saboda haka ya ba ta riƙonsa, ta riƙe masa amana. Ya zaro ambulan daga aljihu ya ajiye a kan matakala, katin soshiyal ne a ciki. Ya ce maganar takarda kuma zai sa mutuminsa ya cire sunan, tun da abin ya zama abin magana.

"Allah ya saka da alheri, Yaya," in ji ta. "Allah ya bar zumunci."

Chundung ba ta jira mutumin Alhaji ba. Ta nemo lambar sirrin, ta haɗa da takardar likita, ta sake aikawa. A gurbin dangantaka ta rubuta ɗa, Aïchatou ta sa hannu tana kallon wani wuri. Kuɗin suka shigo ana saura kwanaki wa'adin masu ginin ya cika. Ranar tashi matan cocin su Chundung ne suka sauko da kaya. Daga Sterling ba a samu wanda ya zo ba, kowa aiki ya riƙe shi.

A masallaci labarin ya ɗauki wata siffa. Ana cewa Alhaji ya yafe wa matar ƙanensa haƙƙinsa na haraji saboda Allah, an kuma yi masa addu'a a kan haka. Ya mayar wa hukuma kuɗin bana, kuma an ce ta aiko masa da wasiƙa tana son jin yadda shekarun baya suka kasance. Wannan ya ɗora laifinsa a kan Chundung, wadda yake kira yarinyar nan ta Jos mai shiga abin da babu ruwanta. Buhun shinkafar azumi bai zo ba. Aïchatou ta sayi nata a shagon 'yan Afirka da ke tsallaken titi, ƙaramin buhu, wanda za ta iya ɗauka.

Da na je ɗakin ƙasan, Mudathir ne ya buɗe mini ƙofa. Yanzu da safe shi ke tura ƙarfensa har bakin titi ya jira mota, uwarsa na tsaye a taga tana yi kamar labule take gyarawa. Bayanta bai warke ba, amma ciwon ya daina ƙaruwa. Na tambaye shi yadda ya ga zaman Sterling. Ya ce gadon ya fi nasa laushi, talabijin ɗin kuwa har zufar 'yan wasa ake gani, kuma yana so ya koma idan an fara wasannin ƙarshe. Aïchatou ta ce daga kicin ai gidansu ne, ya kira ya tambaya. Ya ce ya kira sau biyu, Hajiya ce ke ɗauka, tana cewa Alhaji ya yi tafiya.